Salansar Uwar Gayya

Tari ne ya fara gaya wa Jibo cewa ƙirjinsa ya gaji, amma bai saurara ba sai da likita ya maimaita masa.

Shekara goma sha huɗu yana tuƙa taraktar kofaratib ta manoman Jiratawa, wata tsohuwa ja da mutanen gari suka raɗa wa suna Uwar Gayya, don abin da ƙarti talatin za su wuni a kai ita kafin azahar ta gama. Da can su uku ne taraktocin. Ɗaya ta mutu aka kwance kayanta, ɗaya aka ce an kai ta gyara Najeriya, har yau tana can ana gyarawa. Uwar Gayya kaɗai ta rage, ita ma ba don ƙarfinta ba, don hannun Jibo ne. Makullinta ya daɗe da ɓata. Da wata ƙusa da ya daka ta yi faɗi yake tayar da ita, kuma ƙusar a wuyansa take kwana, cikin igiyar laya.

Salansarta a tsaye take bisa injin, kamar ta kowace tarakta, tana harba hayaƙi sama ya wuce kan direba. Tsatsa ta ci gindinta, wata rana reshen gawo ya ƙarasa aikin. Ta karye ta bar guntun da bai fi taƙi biyu ba, daidai hancin Jibo. Ya yi dabarun duniya. Ya jera gwangwanayen madara ya ɗaure da waya, rawar inji ta zubar. Ya sa bututun famfo, ya tsage. Ya kai kukansa biro, wato ofishin kofaratib, amma ya kai shi a mummunan lokaci, don dimokuraɗiyya ta shigo Jiratawa da ƙarfinta. Mutanen da suka yi shekaru suna zama tabarma ɗaya sun rabu biyu, kowane ɓangare da partinsa da tutarsa. Taro goma aka kira, a tara ba a wuce gardamar wanda zai buɗe da addu'a ba. Ana cikin haka aka karya darajar kuɗin sefa, kayan gyara suka tashi sama suka bar talaka yana kallo. Wa zai tuna da guntun ƙarfe? Jibo ya naɗe hancinsa da rawani ya ci gaba da aiki. Shekara biyu ya yi yana shan baƙin hayaƙin man gazuwal safe da yamma.

Ruwan shuka na shekarar nan ne ya kayar da shi. Yana tsakiyar huɗa ya tsaya ya yi tari, ya tofar da baƙi, ya sake tofarwa ya ga ja. Aka ɗauke shi zuwa Maraɗi. Ma'aikata suna yajin aiki, an yi watanni ba albashi, amma Allah ya haɗa su da wani likita da tausayi ya hana shi zama gida. Ya ɗauki hoton ƙirjin, ya ɗaga shi saitin taga ya daɗe yana kallo. Ya ce hayaƙi ya ci rabin huhun nan ya bar rabi, kuma in Jibo ya ƙara damina ɗaya yana shaƙar hayaƙin nan, kada ya sa ran ganin ta gaba. Ya ce ya sauka daga taraktar. Jibo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. In ya sauka ya zama me? Gonarsa ta tudu ba ta ciyar da gida wata biyar, kuma ban da wannan, shi bai san yadda mutum ke wayewar gari ba tare da ya taɓa goshin Uwar Gayya ba.

Akwai wadda ta ji maganar likita daga bayan ƙofa. Tahira ce, 'yarsa ta fari, wadda ke aure a Sabon Garin Maraɗi.

Wanda ya san kunyar 'yar fari ba sai an yi masa bayani ba. Shekara talatin Jibo bai taɓa faɗin sunanta ba. In zai kira ta sai ya ce "ke", in zai yi maganarta da matarsa Tsahara sai ya ce "yarinyar can". Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa yabonta ba. Ranar da aka kai ta ɗakin miji ya hau tarakta ya tafi fadama, ya kashe inji, ya yi kukansa inda ba kowa. Duk cikin 'ya'yansa ita ya fi so, kuma ita ce ba shi da hanyar gaya wa. Mijinta Shamsu mai walda ne, yana da rumfa a bakin titi inda yake liƙa salansar motoci da ta 'yan kabu-kabu. Tsakaninsa da Jibo ma sai gaisuwa daga nesa, Shamsu a tsugune ba takalmi, Jibo yana kallon wani wuri.

Kwana goma sha biyu Jibo ya yi a kwance a asibiti. A kwanakin nan Tahira ta hana mijinta sakat. Shamsu ya je ya sami Perzida Hamidu, shugaban kofaratib, ya ce zai gyara salansar kyauta. Hamidu da jin kyauta ya ce Allah ya ba da lada. Shamsu ya ɗora injin waldarsa a amalanke ya kai ɗakin famfon ban ruwa, inda ake da lantarki, ya yi kwana uku ƙarƙashin taraktar. Kuma ya yi tunani, ba wai bai yi ba. Ya ce in ya sake tsayar da bututu reshe zai sake karya shi, kuma ko bai karye ba, in iska ta juyo hayaƙin a fuskar tsohon zai ƙare. Gara a raba su gaba ɗaya. Ya samo dogon bututu na wata tsohuwar a-kori-kura, ya gasa ya lanƙwasa, ya sauko da shi ta gefen inji, ya bi da shi ƙarƙashin ciki, ya fitar da bakinsa ta baya, tsakanin manyan tayoyi. Yadda ake yi wa mota dai. Shi aikin da ya sani ke nan, kuma ya yi shi da kyau, ko liƙi ɗaya ba ka gani.

Ranar da Jibo ya dawo gida ya tarar da mutane sun kewaye taraktar. Ya ga goshinta fayau ba bututu, ya duƙa ya leƙa ƙasa, ya ga inda aka bi da shi.

Ba don kwalliya ake tsayar da salansar tarakta ba. Tsohon inji yana tara baƙar dauɗa a cikinsa, in ya ji nauyi sai ya tofar da ita da wuta a jikinta. In bututu na tsaye, tartsatsin ya yi sama ya mutu kafin ya sauko. In yana ƙasa, a kan abin da ke ƙasa zai faɗa. Mota kwalta take bi, ba ruwanta. Tarakta kuwa in kaka ta yi, cikin busasshen kara take yawo, tana jan tirela cike da damman hatsi. Jibo ya san wannan tun yana koyon tuƙi. Kallo ɗaya ya yi ya ga watan kaka gaba ɗaya.

Ya ɗago. Shamsu yana can tsugune a gefe, kansa ƙasa, gashin hannunsa duk ya babbake. Bayansa, jikin katanga, Tahira ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma idanun suna kan Jibo. Tun tana ƙarama bai taɓa ganin ta dube shi kai tsaye haka ba. Mutane suna jiran abin da zai ce.

"Aiki ya yi kyau," in ji Jibo. "Allah shi yi albarka."

Ya cire ƙusar daga wuyansa ya tayar da inji. Hayaƙi ya fita ta baya ya bi ƙasa. Jibo yana zaune bisa kujera, inji na ruri ƙarƙashinsa, sai ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ma manta akwai shi. Da ya waiga, Tahira ta riga ta shige gida, sai ƙarar dariyarta da uwarta daga tsakar gida.

Ya gaya wa kansa cewa yanzu damina ce, komai ɗanye, ba abin da zai kama. Kafin kaka zai san abin yi.

Daminar nan kuwa ta yi masa daɗi, gaskiya ɗaya ce. Tarin ya ragu, majina ta yi fari, ya dawo cin tuwo malmala biyu. Tsahara ta ce ya daina hana ta barci da kukan ƙirji. Yana huɗa yana jin ƙamshin albasa da na tafasa, har waƙa aka ji yana yi, shi da ba a taɓa sanin yana da murya ba. Duk Juma'a Tahira tana aiko da gaisuwa, kuma kullum tambayar ɗaya ce, ta bakin uwarta: yaya ƙirjin?

Da gero ya fara fitar da kai, aka aike shi Tibiri da lodin taki. Ya biya garejin Kalibu, wani Kirista abokinsa, wanda suka koyi tuƙi tare tun suna samari. Kalibu bai ko amsa gaisuwa ba sai da ya zagaya taraktar ya kwanta ya leƙa. Ya tashi yana kakkaɓe riga ya tambayi wanda ya yi aikin. Jibo ya ce mijin yarinyar can ne.

"Hannunai na da kyau," in ji Kalibu. "Amma mutumin kwalta ne. Ashana ce ya ɗaura mata ga ciki, kuma kai ka sani."

Jibo ya ce ya sani.

Kalibu ya ce yana da wani bututu mai kauri, in Jibo ya bar masa taraktar zuwa la'asar zai yanke wannan ya tsayar da wancan, ya sa masa ƙarfen tallafi don kada ya karye. Hayaƙi zai riƙa taɓa shi in iska ta juya, amma ba kamar da ba. Jibo ya hango kansa yana shiga Jiratawa da aikin surukinsa a yanke, da hannun wani, gari duk yana kallo. Kafin magariba labari zai kai Sabon Gari. Ya ce ba zai yi wa yaron haka ba. Kalibu ya ce to ya je ya gaya wa Shamsu ya gyara da hannunsa, ai barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Jibo ya ce zai je.

Kuma ya je. A kan hanyar komawa ya ajiye taraktar a bakin titi ya taka zuwa rumfar Shamsu, yana shirya maganar a ransa, yana sauke ta yana sake ɗauka. Shamsu na hango shi ya kashe wuta, ya zare takalmi, ya tsuguna cikin tarkacen ƙarfe. Maƙwabtan rumfa suka taso gaisuwa, wani ya ce ashe wannan ne tsohon da Shamsu ya ceta, ai kullum sai an yi zancen aikin nan a Sabon Gari. Shamsu ya ƙara sunkuyar da kai, amma kunnuwansa suna murna. Ta ina mutum zai fara? Jibo ya tambayi lafiyar gida, ya tambayi aiki, ya ce dama wucewa yake yi.

Suka matsa masa sai ya shiga gida ya sha ruwa. Tahira ta kawo fura ta ajiye ta koma bakin ƙofa ta durƙusa. Can ya gane abin da take yi: numfashinsa take saurare. Ya ja iska ya cika ƙirji ya sake, don ta ji. Ya ga gefen bakinta ya motsa. Ya sha furar ya tashi, maganar tana nan inda take a cikinsa.

Zan faɗi abin da shi bai faɗa wa kansa ba. Kunya ce ta ɗaure bakinsa, haka ne, amma ba ita kaɗai ba. Iskar ta yi masa daɗi. Mutumin da ya yi shekara biyu yana shan hayaƙi, aka ba shi iska, ba ya gaggawar mayarwa. Duk safiya sai ya ce mako mai zuwa, har ganyen gero ya fara ja.

Da aka fara girbi ya kafa doka. Ya ce ba ya shiga gona, kowa ya fito da dammansa bakin hanya. Ya ɗaura bido biyu, manyan jarkokin ruwa, a gefen kujera, ya riƙa kakkaɓe ƙarƙashin tirela duk lodi. Bai faɗi dalili ba, don faɗin dalili kiran sunan Shamsu ne. A shekarun lafiya da an yi gunaguni an haƙura. A shekarar nan ko akuya ta yi kuka sai an tambayi partin mai ita. Sha'ibu, jagoran ɓangaren da ba na Hamidu ba, ya ce ai ya gane: tarakta ta zama ta 'yan gwamnati, su gonakinsu a bakin hanya suke. Ɓangaren Hamidu suka ce a'a, Jibo ne aka saye don ya ɓata sunan perzida. Jibo da ko katin zaɓe bai san inda ya ajiye ba, ya wayi gari maƙiyin kowa. Ya daure har kwana tara.

A na goma Zainabu ta tare shi. Tsohuwa ce mijinta ya mutu, 'ya'yanta maza suna cirani a kudu. Gonarta tana can ciki, jikin ta Sha'ibu, ba nisa da inda rumbunan unguwa suke jere a bayan gari. Ita ba ta yi masa zancen parti ba. Ta nuna masa wuyanta ta ce ta ɗauko dami huɗu jiya, yau ko waigawa ba ta iyawa, ga shanun makiyaya sun kusa sauka. Ta ce in ba zai shiga ba ya gaya mata, ta san na yi. Jibo ya dubi sama. Rana ta take, iska tana kaɗawa daga gabas. Ya ce a ransa lodi ɗaya ne, a hankali zai bi.

Shiga ta yi lafiya. Aka loda dami sittin, rabin abin da ta samu. Fitowa ce ta zo da magana. Tayar tirela ta nutse a rairayi, taraktar ta tsaya tana rawa. Ya ja baya kaɗan, ya sake gwadawa. Ba ta motsa ba. Ya san abin da ya kamata, a sauke rabin kaya, amma masu lodi sun riga sun koma inuwa, Sha'ibu kuma yana tsaye a kan iyakar gonarsa yana kallo. Ya taka mata wuta. Injin ya yi gurnani, ya yi wani tari mai kauri sau biyu, tirela ta fita. Jibo ya san tarin nan kamar nasa. Tun kafin ya waiga ya san abin da zai gani.

Kara ya kama a wuri uku a bayansa, kuma harshen wuta ya riga ya hau damman gaba na tirela. Ya diro ya juye bido ɗaya, ya juye na biyu. Kamar ya tofa yawu. Busasshen gero ba ya jiran kowa. Mata suka sa salati, maza suka ruga karyo rassan bedi. Jibo ya dubi tirelar da ta zama tanderu, ya dubi rumbunan da ba su fi taku hamsin ba, abincin gidaje arba'in, a shekarar da tiyar hatsi ta fi ƙarfin mai albashi. In ya bar ta nan, tartsatsi ɗaya ya ishe su. Ya hau kujera ya juya kan Uwar Gayya yamma, wajen yashin gulbi.

Iska tana bayansa. Duk hayaƙin dami sittin a kansa ya sauka, da zafinsa da tokarsa. Ba ya ganin hanya, da ƙafa da sabo yake tuƙi. Ya riƙe numfashi har ya kasa, ya ja, ya ji kamar ya haɗiyi garwashi. Tafiyar da ba ta fi ta shan kofin shayi ba ce, amma a cikinta ya mayar da duk iskar da ya sha a daminar nan har da ƙari. Da ya ji tayoyi sun shiga yashi ya sauka, ya doke ƙarfen da ke haɗa tirela da guduma, fatar hannunsa tana ƙuna, ya ja taraktar gaba ya raba ta da wutar. Ya kashe inji, ya zare ƙusarsa. Daga nan bai san abin da ya faru ba.

Rumbuna sun tsira. Wutar gona ta cinye sauran damman Zainabu da tarin Sha'ibu kafin a kashe ta. 'Yan parti biyu kafaɗa da kafaɗa suka kashe ta, karo na farko a shekara uku da suka yi abu tare. Kafin la'asar sun sake rabuwa.

Washegari da hantsi suka taru a ƙofar gidansa. An fito da shi an jingina shi da bango, hannu a naɗe, numfashi yana fita da ƙara kamar zuga-zugin maƙeri. Tsofaffin da suka san tarakta sun riga sun leƙa ƙarƙashinta, magana ta fito. Sha'ibu ya ce a kira jandarma su ɗauko mai waldar Sabon Gari, da wanda ya ba shi izini. Hamidu ya dubi ƙasa. Jibo ya ɗaga hannu aka yi shiru, don sai an matso ake jin sa.

"Ni na ce a yi shi haka," ya ce. "Yaro abin da anka sa shi ya yi. Ni ka tuƙi, ni na san abin da kara ka yi da wuta. Ku bar shi."

Kowa a wurin ya san yana kwance a asibiti lokacin da aka yi aikin. Hamidu ya fi kowa sani, kuma shi ya fara cewa to, tunda mai abu ya faɗa. Jibo ya ce a buɗe rumbunsa a raba wa Zainabu da Sha'ibu. Zainabu ta sa kuka ta ce ita ba ta so, ita ta ja shi. Ya ce ta yi shiru. Ya ciro igiyar daga wuyansa da hannu ɗaya, ya kwance ƙusar, ya miƙa wa Hamidu. Sha'ibu ya buɗe baki zai ƙara wata magana, ya dubi ƙusar, ya fasa.

An so a mayar da shi asibiti, ya ƙi. Ya ce likita ya riga ya faɗi tasa.

Tahira ta iso da azahar. Shamsu ya rako ta amma ya kasa shiga, ya zauna a ƙasa a bayan katanga ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Labari ya riga ya same su duka, har da abin da tsohon ya faɗa a gaban mutane. Ta shiga ɗakin, kuma yau ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ta zo har gefen tabarma ta durƙusa. Ta saurari numfashinsa, wannan karon ba abin da zai iya yi ya gyara mata shi.

"Baba, ka sani?" ta ce. "Tun ranar da munka kawo maka salansar?"

Ya gyaɗa kai.

"Mi ya hana ka hwaɗi?"

Ya daɗe yana tara iskar da zai amsa. Yana kallon rufin ɗaki, don har yanzu bai iya kallonta ba. Ya ce shekara talatin bai taɓa karɓar wani abu a hannunta ya ce ya gode ba. Abu na farko da ta yi masa da kanta, a gaban gari, sai ya buɗe baki ya ce bai yi ba? Ya ce laifin nasa ne, shi babba, shi ya gani. Ta ce ita ta kashe shi. Ta faɗa a hankali, kamar mai ba da labarin wani.

"A'a," ya ce. Ya huta. "Wata huɗu na sha iskar Allah bisa tarakta. Na ji ƙamshin ƙasa. Ke kinka ba ni." Ya sake hutawa. "Ki hwaɗa ma mijinki hannunai na da kyau. Shi tsaida ta sama, shi kira Kalibu shi riƙe mai."

Ta kifa kanta a gefen tabarma tana kuka. Jibo ya ji tausayinta ya cika masa abin da ya rage na ƙirji. Ya ɗaga hannun da bai ƙone ba ya ɗora a kanta, abin da bai yi ba ko ranar sunanta. Bai ishe shi ba. Ya juyo da fuska ya dube ta.

"Tahira," ya ce.

Ba ta taɓa jin sunan da muryar nan ba, har ta ɗago ta waiga ƙofa ta ga wa ya shigo. Ba kowa sai Tsahara, tsaye da ƙwaryar kunu, ta toshe baki da hannu. Tahira ta juyo ta ga ita yake kallo.

"Na'am, Baba," ta ce.

Ya buɗe baki kamar zai ƙara, tari ya karɓe. Kwana uku ya ƙara a duniya bayan nan, bai sake samun iskar da za ta ishi magana ba. Sau ɗaya ke nan ya kira ta.